Hannun Mai Agogo a Bango

"Duba nan! Duba da kyau, ka gaya mini hannun wa ke nan."

Gwaggo ce ta dangwarar da waya a kan teburin aiki, har ƙananan sukurori suka yi tsalle a cikin faranti. Ko sallamar ba ta ƙarasa ba. A bayanta Mai Waya, saurayin da ke da shagon waya a maƙwabta, ya tsaya bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai kamar wanda ya zo gaisuwar mutuwa, alhali wayar tasa ce, labarin ma shi ya kai mata har gida.

Daƙiƙa ta ajiye tsumman da take goge agogon bango da shi. Tun tana ƙarama 'yan layin suka laƙaba mata wannan suna, saboda yadda take zagaye shagon ubanta ba ta tsayawa wuri ɗaya. Ta girma, ta yi sanyi, sunan dai ya ƙi sakin ta.

Ubanta, Mai Agogo, ya cire ɗan gilashin da yake maƙalawa a ido ɗaya, ya jawo wayar kusa da fuska.

Hoto ne baƙi da fari. Babu fuskar kowa a ciki. Hannun tsoho ne riƙe da ɗan hantsaki a kan buɗaɗɗen agogo, sai wani hannu na mace ya zagayo ta ƙasa ya kama masa wuyan hannun gam. Ƙaramin yatsan tsohon a lanƙwashe yake, karayar ƙuruciya ce da ba ta ɗoru daidai ba. Duk wanda ya taɓa miƙa agogo a layin nan ya san wannan yatsa.

Daƙiƙa ta gane hannun macen, nata ne.

Tun bayan rasuwar mahaifiyarta hannun Baba ya fara rawa. Da farko kaɗan-kaɗan, daga baya ya zama ko cokali sai ya yi da gaske. To ido na nan, sani na nan, hannu ne ya yi tawaye. Sai suka yi dabara. Mai kawo gyara ya ajiye, a ce masa ya dawo gobe. In ƙafa ta ɗauke, su ja labulen bayan shago, ta kama masa wuyan hannu, shi kuma ya yi aikinsa. Ban da Gwaggo, mutum ɗaya ne tak aka taɓa ɗaga wa labulen nan: Mai Hoto, wanda ya yi watanni yana zuwa ɗaukar tsofaffin masu sana'a, ya zo neman hoto ya ƙare da neman aure. Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce dai a bari ya gani.

To ga shi ya gani.

"Yana can rataye," in ji Gwaggo, "girmansa ya kai ƙyauren ƙofa! A wani wuri wai shi galari, inda 'yan gayu ke zuwa su tsaya suna shafa haɓa suna kallon bango. Asirin da muke rufewa da zane goma, shi suke kallo suna kurɓar lemo."

"Yaya, ki yi a hankali," in ji Mai Agogo.

"Ba zan yi ba! Tun ranar da na ga yaron nan da abu rataye a wuya kamar akuyar sayarwa na ce ba zai yi albarka ba."

Mai Agogo ya juyo. Bai ɗaga murya ba, da ma ba halinsa ba ne. Sunan uwarsa ya sa wa 'yar, don haka bai taɓa kiran ta da komai ba sai Mamana.

"Mamana, kin san da wannan?"

"Na san ya ɗauka, Baba. Wallahi ban san zai rataye ba."

"Ba ki sani ba," Gwaggo ta kwaikwayi muryarta. "Me kika sani? Ga Mai Waya nan, yaro ɗan mutunci, bango ɗaya ya raba shagonsa da naku. In kika aure shi, ko tari ubanki ya yi kina ji. Wancan kuwa yau gabas, gobe yamma, jakarsa ce ɗakinsa. Ya kwashe ki ya tafi, wa zai zauna da ɗan'uwana? Ni da gwiwar nan?"

Mai Waya ya yi gyaran murya. Ba mugu ba ne. Irin mutanen nan ne da kasuwa ta buɗe musu da wuri, har suka ɗauka babu ƙofar da ba ta da farashi.

"Baba, ka kwantar da hankalinka, na riga na kashe wutar. Da safe na je na saye shi. Na biya nan take, na ce su sauke mini kayana."

"Ka ji ɗan halak," in ji Gwaggo.

Mai Agogo ya tura wayar gefe. Ya ɗora hannun dama a kan cinya, ya danne shi da na hagu. Duk da haka ana ganin yana motsi a ƙarƙashi.

"Na ɗaga masa labule," ya ce. "Na ba shi kujerar uwarki ya zauna. Mamana, maganar yaron nan ta mutu a gidana. Kada ki sake tayar mini da ita."

"Baba..."

"Na gama."

Ta tsaya hawaye na zuba, ba ta share ba. Sannan ta jawo mayafinta daga jikin ƙusa ta fita. Gwaggo na kira, ba ta waiwaya ba.

*

Ba ta taɓa shiga galarin ba. Ranar buɗewa Mai Hoto ya roƙe ta ta zo, ta ce ba za ta bar Baba shi kaɗai da aiki ba.

Wani dogon zaure ne, bangonsa fari fat, sanyin na'ura na busawa. Babu kujeru sai benci ɗaya a tsakiya. Daga rufi ƙananan fitilu sun sunkuyo, kowacce ta zuba wa hotonta ido. Mutane na tafiya a hankali suna raɗa, kamar a ɗakin marar lafiya.

Ta wuce hoton mai gyaran takalmi da ƙusoshi a leɓe. Ta wuce tsohuwa mai keken ɗinki. Ta wuce mai gyaran laima yana dariya, haƙoransa biyu. Duk ta san labarinsu daga bakinsa.

A bangon ƙarshe, wanda ke fuskantar duk mai shigowa, ga hannun Baba.

Ba a sauke shi ba. Nan ne ma mutane suka fi taruwa. A gefensa an manna ɗan kati, a jikin katin an liƙa wani jan ɗigo kamar na maganin ciwo.

"Daƙiƙa? Ke ce?"

Mai Hoto ne ya taho da sauri, dogo, siriri, da rigarsa mai aljihu barkatai, fuskarsa cike da murna. Yana ganin idonta murnar ta zube.

Ya ja ta zuwa wani ɗan ɗaki a baya, inda ake jingine firam-firam da kwalaye. Tana shiga ta juya masa.

"Me muka yi maka?"

"Subhanallahi. Me ya faru?"

"Baba ya gani. Gwaggo ta gani. Kafin magariba duk layinmu sun gani. Ka rataye ubana a bango, ka kunna masa fitila!"

"Babu fuska fa," ya ce da sauri. "Ki saurare ni. Ƙa'idar aikinmu ke nan, in fuskar mutum ta fito, sai ka je ka nemi izininsa. Duk wanda kika gani a zauren can na je na same shi, na nuna masa, ya yarda. Wannan kuwa na duba, na sake dubawa, babu fuska, babu suna, babu allon shago. Hannu ne kawai."

"Hannu ne kawai?"

Ta yi wata 'yar dariya wadda ta fi kuka ciwo.

"Mai agogo yana da wata fuska ne da ta wuce hannunsa? Ka yi wata da watanni kana zama da mu, kana shan shayinmu, ba ka gane wannan ba? Wa ya taɓa kallon fuskar Baba in ya kawo gyara? Hannunsa suke kallo. Shi suke ba amana."

Ya zauna a kan wani akwati.

"Ban yi don in tona shi ba, Allah ne shaidata."

"To don me?"



"Na yi yawo, Daƙiƙa. Na ɗauki masu kuka, na ɗauki masu rawa, na ɗauki ango da amarya har na gaji. Ban taɓa ganin ƙauna da idona tana aiki ba sai ranar nan a bayan labule. Ba wanda ya ce da wani komai. Shi bai ce riƙe ni ba, ke ba ki ce kawo ba. Hannunki ya tafi da kansa. Da na wanke hoton na gan shi, sai da na zauna a ƙasa. Na ba shi bangon da ya fi kowanne don ban san wata girmamawa da ta wuce wannan ba. So na yi duniya ta ga irin matar da nake nema."

Kukan da take dannewa ya ƙwace.

"Duniya ta tambaye ka ne? Ni ba na son duniya ta gan ni. Kai nake so ka gan ni, kuma ka gani, bai ishe ka ba?"

"Daƙiƙa..."

"Ya ce maganarka ta mutu. Ka san Baba, ba ya faɗa sau biyu. Na jira, na yi haƙuri, na shanye gorin Gwaggo safe da yamma, ina cewa saura kaɗan ya sakko. Jiya-jiyan nan ya tambaye ni ko kana cin abinci sosai, wai ya ga ka rame. Ka san abin da wannan tambayar take nufi a bakin Baba? Sai ga shi yau ka rushe da hannunka."

Shi ma idonsa ya kawo ruwa. Ya miƙa mata hankici, ta ƙi karɓa. Can ta fizge, ta share fuska da shi.

"Ka sauke shi," ta ce. "Yanzu."

"Ba zai yiwu ba."

Ba shi ya amsa ba. Madam ce, mai galarin, tsaye a bakin ƙofa da tabarau rataye a ƙirji. Mace ce mai furfura wadda ta ga jiya ta ga yau, ba ta da mugunta, ba ta kuma da wasa.

"Ki yi haƙuri, 'yata, na ji ƙarshen maganarku. Kin ga jan ɗigon can? Ma'anarsa an sayar. Abin da aka sayar kuwa yana zama a bango har ranar rufe nuni, sannan mai shi ya zo ya ɗauka. Haka ake yi a ko'ina. Na gaya wa wanda ya saya, yana ta latsa waya yana cewa to, to. Da ya bar shi ba ɗigo ma da da sauƙi. Tun da aka liƙa shi mutane suka ninka, kowa na son ganin wanda aka fara saye."

Daƙiƙa ta dafe kai. Mai Waya ya zo kashe wuta da fetur.

Madam ta juya ga Mai Hoto.

"Kai kuma ka ji ni da kyau. Hoton nan yanzu ba naka ba ne, amana ce a hannuna. Baƙin da na gayyato ƙarshen mako, waɗanda nake so su kai aikinka waje, shi na aika musu, dominsa za su zo. Shekara nawa kana yawo da hotuna a jaka ba wanda ya ba ka ko ƙusa ɗaya? Ni na ba ka zaure. In ka sauke shi, na zare hannuna, kuma masu irin gidan nan duk mun san juna."

Ta fita ta bar su.

Ɗakin ya yi tsit. Daƙiƙa ta zuba masa ido, shi kuma ya zuba wa ƙofa. Ba ta ga laifinsa ba, ta san abin da zauren nan yake a wurinsa. Amma shirun nan ya fi duk maganar Gwaggo zafi.

"Shi ke nan," ta ce a hankali. "Allah ya sa baƙin su yaba."

Ta ajiye masa hankicinsa a kan akwati, ta bi ta cikin zauren kanta a ƙasa. Ta kai bakin ƙofar fita ke nan ta ji raɗar mutane ta canza.

Ta waiwaya.

Yana tafe yana zura farar safar hannu, irin wadda suke sawa don kada yatsa ya ɓata gilashi. Ya ce wa mutanen su ɗan matsa. Ya kama firam ɗin ta ƙasa, ya ɗaga shi daga maratayi, nauyin ya sa shi tangaɗi, ya tokare da ƙirji. Wani mai hular sanyi ya fara tafi, ya ɗauka wannan ma cikin nunin ne. Da ya ga shi kaɗai ke yi, ya mayar da hannu aljihu.

"Ka san abin da ka yi?" in ji Madam.

"Na sani, Madam. Ki gafarce ni. Tun farko bai kamata ya hau ba."

Ya kai shi ɗakin baya, ya jingine shi fuskarsa na kallon bango. A zaure fitilar ta ci gaba da haska wurin da babu komai.

*

La'asar ta yi sanyi sa'ad da motar Mai Waya ta tsaya a ƙofar galarin. Mai Agogo ne ya ce sai an kawo shi ya gani da idonsa cewa an sauke. Ya sa rigarsa ta fita unguwa, ya cusa hannun dama cikin aljihu.

Mai Waya na hango bangon ya washe baki.

"Ka gani, Baba? Ai na gaya maka. Magana ɗaya na yi musu."

"Maganarka ce ta kusa kafe shi har ƙarshen wata," in ji Madam, ba ta ko ɗago daga teburinta ba. "Wanda ya sauke shi ga shi can, kuma ya sauke kansa tare da shi."

Mai Agogo ya bi inda ta nuna. Mai Hoto na tsaye bakin ɗakin baya, safar na hannunsa har yanzu. Daƙiƙa na gefe, idonta ya kumbura. Ta yi tsammanin faɗa. Tsohon ya dube ta, ya dubi bangon, ya dubi saurayin da ya durƙusa yana gaishe shi, bai amsa gaisuwar ba.

"Ina yake?"

"Yana ciki, Baba. Na juya shi."

"Juyo shi. An ce kowa ya gani, sai mai hannun."

Suka shiga. Daƙiƙa ta jawo masa akwati ya zauna. Mai Hoto ya juyo da firam ɗin, ya kunna fitila, ya koma lungu.

A waya abin bai fi tafin hannu ba. A nan kowane yatsa ya kai damtsen mutum. Ana ganin tsagar fata, ana ganin baƙin mai a ƙarƙashin farce.

Mai Agogo ya daɗe yana kallo. Daƙiƙa ta lura ba nasa hannun yake kallo ba. Idonsa na ƙasa, inda nata yake. Jijiyoyin bayan hannunta sun miƙe kamar igiya. Kan yatsunta sun yi fari don matsa. Babban yatsanta ya lotsa cikin naman tsohon.

"Mamana."

"Na'am, Baba."

"Haka kike matsawa?"

"Sai an matsa yake tsayawa, Baba."

"Kullum?"

Ta kawar da ido daga hoton.

"Ba ya yi miki ciwo?"

"A'a."

"Kada ki yi wa ubanki ƙarya a gaban baƙi."

Ta durƙusa a gabansa, hawaye na ɗiga a kan gwiwarsa.

"Kafaɗar ce kawai. In na shafa mai sai ta saki. Ba komai ba ne, wallahi, ni daɗi nake ji."

Tsohon ya girgiza kai a hankali.

"Kin san aikinmu. In na maƙala gilashi a ido ɗaya, sai na rufe ɗayan. Duniyata duka ta koma cikin agogo. Ina ganin ƙurar da ba wanda ke gani, ina ganin haƙorin da ya ci. Ina jin hannuna ya tsaya cak, in ce alhamdulillahi, yau da sauƙi. Ban taɓa buɗe ɗaya idon na ga abin da ke tsayar da shi ba."

"Baba, don Allah ka daina."

"Wancan malamin makarantar da ya zo neman ki, na ce ya cika surutu. Direban nan na ce takalminsa ya fi hankalinsa tsada. Kowa ya zo sai na samo masa aibi, ina ce wa kaina tsantseni ne. Ɗazu da Gwaggonki ta ce bango ɗaya ya raba, har na ji wani sanyi a raina." Ya share ido da gefen riga. "Allah ya shirye ni."

Ta kifa kai a cinyarsa tana kuka. Ya fito da hannun daga aljihu, a gaban kowa, ya ɗora mata a ka. Hannun na rawa, bai ɓoye ba.

Mai Waya, da ke leƙe daga bakin ƙofa, ya kawar da kai. Shi kansa yau ya fara ganin rawar da ido.

Can Mai Agogo ya ɗago.

"Kai. Matso."

Mai Hoto ya matso ya durƙusa.

"Kada ka ga ina hawaye ka ɗauka ka yi daidai. Ka yi laifi."

"Na yi, Baba."

"Abin da ka nuna mini gaskiya ne. Amma gaskiyata ce, ba taka ba. Da ka kawo mini shi shago ka ce Baba duba, da ko zagin ka na yi, na san ka ɗauke ni mutum. Sai ka tsallake ni ka kai wa waɗanda ba su san ni ba."

"Ba ni da abin cewa. Ka yafe mini ko ba ka ba ni ita ba."

"Matar can ta ce ka sauke kanka. Me za ka ci yanzu?"

"Zan koma ɗaukar hoton fasfo, Baba. Da shi na fara."

"Hoton fasfo." Tsohon ya yi tsaki. "Ka sa na yi kuka a ɗakin kwalaye, sannan ka ce za ka koma cewa mutane su ɗaga haɓa? Tashi ka mayar da shi inda ka ɗauko, kafin baiwar Allahn can ta haɗiye mu da ido."

Daƙiƙa ta ɗago da sauri.

"Baba, masu kawo gyara za su sani."

"Su sani. Wanda ya ga dama ya kawo, wanda bai ga dama ba ya duba lokaci a wayar maƙwabcina."

"Baba, ni fa?" Mai Waya ya shigo da ƙafa ɗaya. "Ni don in rufa maka asiri na yi. Kuma Gwaggo ta ce mini..."

"Na sani, ɗana, Allah ya yi maka albarka. Hoto naka ne, ranar rufewa ka zo ka ɗauki abinka. Abin da Gwaggo ta ce maka kuwa, ba nata ba ne balle ta bayar. Ba nawa ba ne ni ma, yau na gane. Ga mai shi nan, tambaye ta."

Mai Waya ya dubi Daƙiƙa. Ita ba shi take kallo ba. Ya gane, don ɗan kasuwa ba ya rasa sanin cinikin da ya tashi. Ya jujjuya makullin mota a yatsa, ya ce zai jira a waje.

Mai Agogo ya dafa kafaɗar 'yarsa ya miƙe. Ya tsaya a kan Mai Hoto, wanda har yanzu bai tashi daga durƙuson ba.

"Ka shigo mini ba sallama, yaro. Ban ce na huce ba, zan ɗan jima ina jin haushinka, ka ba ni lokaci. Amma ka je ka turo manyanka su yi sallamar da ba ka yi ba. Kuma ranar da za su zo, wannan abin na wuyanka ya kwana a gida."

Mai Hoto ya kama hannun tsohon da hannu biyu, da safar da komai, ya kifa goshi a kai.

Daƙiƙa ta matso kusa da ubanta.

"Baba, in na tafi, wa zai riƙe maka?"

"Ba kowa. Mu ƙarasa waɗanda ke cikin aljihun tebur mu mayar wa masu su, amana ce. Bayan nan in sa batir, in canza maɗauri, in zauna ƙofar shago in dami masu wucewa da labari. Agogon da ya yi zamaninsa yana faɗin gaskiya, ranar da ya tsaya ba a ce masa maƙaryaci."

"Ba zan iya barin ka ba."

"Za ki iya. Uwarki ta bar nata uban ta biyo ni, ba ni da komai sai akwatin sukurori, kuma ban ji ya mutu ba sai da kwanansa ya ƙare."

Ta yi dariya cikin kuka, ta rungume masa hannu.

A zaure uba da 'ya suka zauna su biyu a kan bencin nan, suna kallon Mai Hoto na ɗaga firam ɗin, Madam na daga baya tana cewa ya ɗan ɗaga hagu, a'a ya yi yawa, sauke kaɗan. Ba ta ce ta yafe ba, amma ita ta miƙa masa ma'aunin daidaita bango da hannunta.

Mai Agogo ya sunkuyo kusa da kunnen 'yarsa.

"Mamana, saura aiki ɗaya, kuma ya fi duk wannan wuya."

"Wanne, Baba?"

"Gwaggonki na can shago ta kafa kujera tana jira. Ni dai na tsufa, ba ni da lafiya, kowa ya shaida." Ya nuna dogon da ke daidaita firam da haɓa. "Tunda yana da ƙarfin halin sauke hoto, shi zai shiga gaba."